Pydantic Siga ta 2: Sauri Ya Ƙaru, Saƙonnin Kuskure Sun Sauya Kama

A manhajar da na rubuta wa wata ƙungiyar manoman albasa a nan Sakkwato domin rajistar mambobinta, Pydantic ne yake tantance duk abin da magatakarda ya shigar kafin a adana shi. Laburare ne, wato tarin kayan aikin rubuta manhaja, na harshen kwamfuta na Python wanda Samuel Colvin ya ƙirƙiro, kuma a ƙarshen watan Yuni na 2023 aka fitar da sigarsa ta 2, wadda aka sake rubuta ƙashin bayanta da harshen Rust. Ta fuskar sauri ba ni da abin cewa sai yabo.

Inda na sha wuya shi ne saƙonnin kuskure. A siga ta 1, idan aka tsallake gurbin da ya zama wajibi, kuskuren yakan zo da sunan value_error.missing, kuma a jikin wannan suna na rataya fassarata ta cikin saitin error_msg_templates, ta yadda magatakarda zai ga an rubuta masa "Ba a cike wannan gurbi ba". Siga ta 2 ta cire saitin ɗungurungum, ta kuma gajarta sunan zuwa missing. Washegarin ranar da na sabunta, da sanyin safiya, magatakardan ya kira ni ga manoma sun yi layi a gabansa, ya ce, "Malam, kwamfutar nan yau Turanci take yi mini," domin Field required kawai yake gani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yanzu kowane kuskure yana ɗauke da ainihin bayanin da aka shigar, haɗe da adireshin intanet na ƙarin bayani, saboda haka lambobin wayar manoma suka riƙa faɗawa cikin kundin kurakurai da nake ajiyewa, wurin da bai kamata su je ba.

Gaskiya ɗaya ce, laifin nawa ne, domin ban ƙayyade siga a requirements.txt ba, wato fayil ɗin da ake jera laburaren da manhaja take buƙata, ban kuma karanta jagorar sauyawa da masu Pydantic suka wallafa ba, alhali cire wancan saitin yana rubuce a cikinta. Sun kuma bar tsohuwar sigar, da sunan pydantic.v1, a cikin sabuwar sigar, kuma da shi na lallaɓa har na sake gina fassarorin bisa sababbin sunaye irin su missing da int_parsing, waɗanda na samu sun fi na dā tsari. Wanda manhajarsa take magana da mutane da Hausa, ya gwada saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarsa kafin ya sabunta kwamfutar wurin aiki.