Gejin lantarki ko zaren gilashi: wanne za a ba amanar gada?

Ɗan'uwa, ka ce za ku sa na'urorin auna miƙewar ƙarfe a jikin gada su yi shekaru suna aiki, kuma an kawo muku shawara biyu: gejin lantarki da aka saba da shi (ɗan siririn ƙarfe da ake mannawa, wanda ke auna miƙewa ta hanyar wutar lantarki), ko zaren gilashi mai ɗaukar haske, mai FBG (fiber Bragg grating, zanen da ke auna miƙewa ta hanyar haske). Kana tambayar wanne ya fi amana.

Gejin lantarki tsohon hannu ne, tun 1938 ake aiki da shi. Yana da araha, masu iya manna shi suna da yawa, kuma hanyar gwada shi ta zaunu a ƙa'idoji irin su ASTM E251 ta hukumar tsara ƙa'idojin gwaji ta ASTM. Abokan gabarsa danshi ne da tsawa da hayaniyar manyan wayoyin wuta. Kowane geji da nasa wayoyin, sannan in shekaru suka ja, sifirinsa, wato inda awonsa ke farawa, kan gusa a hankali ba ka sani ba.

Shi kuwa FBG zane ne da ake yi a cikin zare mai kaurin maikiron 125 (kashi 1 cikin 8 na milimita), yana maido da launin haske guda ɗaya. Ƙarfe na miƙewa, launin na matsawa: in tsawon zangon hasken yana kusa da nanomita 1550, miƙewar kashi 1 cikin miliyan tana gusa shi da kimanin pikomita 1.2 (pikomita dubu ne nanomita ɗaya). Tsawa ba ta dame shi ba, ana jera da yawa a zare guda, kuma kana iya cire na'urar da ke karanta hasken ka dawo da ita bayan shekara ba ka rasa inda awo ya tsaya ba. Tun 1993 aka sa shi a gadar Beddington Trail a birnin Calgary na Kanada.

Sai dai ga inda ake cin tuwon mutane. Zafin digiri 1 kacal yana gusa launin da kusan pikomita 10, wato kamar an ja ƙarfen kashi 8 cikin miliyan alhali rana ce kawai ta fito. Dole a ajiye wani FBG a gefe, wanda ba a manna ba, ya riƙa auna zafi zalla. Kuma gilashin kansa ba kasafai yake ba da kunya ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga inda aka ɓare rigar zaren aka yi masa ƙwarzane, ko gam ɗin da ya saki, ko lanƙwasa mai tsanani a bakin akwati. Rigar roba mai laushi ta akirilet ma tana shanye wani ɓangare na miƙewar kafin ta isa gilashi, shi ya sa ake fifita ta foliyimid mai tauri.

A wajen ƙa'ida, gejin lantarki ya yi wa FBG nisa. Sai a 2016 hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya, ta fitar da IEC 61757-1-1 don FBG na auna miƙewa. Kafin nan kowane kamfani da yadda yake rubuta lambobinsa, ka ɗauki takardu biyu ka kasa gwama su.

Ni dai in gwajin 'yan makonni ne a wurare kaɗan, gejin lantarki zan ɗauka, don na'urar karanta FBG tana da tsada. In kuwa shekaru ne da doguwar gada, zaren gilashi, amma da sharaɗi: mai sayarwa ya nuna takardar gwaji bisa IEC 61757-1-1, wadda aka yi da FBG ɗin a manne, da irin gam ɗin da za ku yi aiki da shi, kuma ya faɗa muku wace na'urar karatu za ta maye gurbin tasa in ta lalace.