Wasiƙa daga Fulorida: tseren Daytona da kasuwar kanikawa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata Hajiya da iyali da yaran gareji duk suna lafiya. Ka sha tambayata yadda sana'armu take a ƙasar nan, to tseren motocin da na je kallo a Daytona zai sauƙaƙa mini bayani.

Daytona 500 ake ce masa, duk watan Fabrairu ake yi. Titin zagayayye ne mai tsawon mil 2.5, ana kewaya shi sau 200, wato wajen kilomita 800. An karkata kwanoninsa har digiri 31, motoci kusan 40 kuma suna sheƙa gudun kilomita 300 a awa, bamba na gogar bamba.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne kanikawa ne suka kafa harkar. Bill France bakanike ne mai gidan mai a garin Daytona, tun ana tsere a kan yashin bakin teku. Shi ya tara mutane a otal ɗin Streamline a Disambar 1947, a 1948 aka kafa NASCAR, ƙungiyar da ke shirya tseren. Motocin farko irin waɗanda kowa ke saye ne, sai dai an ƙara wa injin ƙarfi a bayan gida. Wasu direbobin ma a fasa-ƙwaurin barasa suka koyi tuƙi, suna tsere wa 'yan sanda cikin dare. Junior Johnson har gidan yari ya shiga a kan haka, amma a 1960 ya ci Daytona da motar da ba ta kai ta abokan takararsa gudu ba, saboda ya gano cewa in ka liƙe a bayan mota mai sauri, ita za ta tsaga maka iska ta ja ka. Har yau da wannan dabara ake cin tseren. Daytona 500 na farko kuwa, a 1959, sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a tabbatar Lee Petty ne ya ci. Ɗansa Richard ya ci sau bakwai, ba wanda ya kamo shi.

Yanzu ga batun kaya. A 1963 Tiny Lund ya cinye tseren bai canza taya ko ɗaya ba. Yau mota na shigowa wurin gyara ana tsakiyar tsere, mutum biyar za su dira a kanta, jak ya ɗaga, a sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka. Tayar duka ta Goodyear ce, man kuma na Sunoco. Tun 2022 noti ɗaya ne a kowace ƙafa, kuma yawancin kayan motar daga kamfanonin da aka amince da su ake sayowa. In bakanike ya sa hannu ya sauya musu siffa, tara mai nauyi za a ci ƙungiyarsa. Wannan ya sosa mini rai, domin haka garejin cikin gari ma yake. Ba mai kwance altaneta ya naɗa mata sabuwar waya, cirewa ake yi a jefar a ɗaura sabuwa, tunda kuɗin aikin awa ɗaya a yawancin gareji ya haura dala 100. Hannun da ke Panteka a Kaduna, wanda zai ƙera maka abin da kamfani ya daina yi, da ƙyar ka same shi a nan.

Sai dai su ma sun fi mu a wani wajen, kuma ba kaɗan ba. In ka sayi birki ko famfon mai, gangariya za a ba ka da takardar garanti, in ya ba da matsala ka mayar a musanya. Ba sai ka juya kwali kana neman alamar jabu ba kamar yadda muke yi a Ƙofar Ruwa. Fetur kuma ba layi, ba ɗan bumburutu.

Inda na fi jinjina musu shi ne kare rai. Dale Earnhardt, gwarzon da ya ci kambin shekara sau bakwai, sai a gwajinsa na 20 ya ci Daytona, a 1998. Ranar 18 ga Fabrairu 2001 ya daki bango a zagayen ƙarshe ya rasu, motocin ƙungiyarsa biyu na gaba, ɗansa yana tuƙa ta biyun. Ba su tsaya a ta'aziyya ba. A shekarar aka wajabta wa kowane direba abin da ke riƙe kai da wuya, daga baya aka yi wa bangon rufi mai shanye ƙarfin karo. Tun daga ranar ba direban da ya sake mutuwa a tseren babban rukunin NASCAR. Don Allah, Yaya, yaron da zai fita gwajin mota ya ɗaura bel, wanda zai shiga ƙarƙashinta kuma kada ya dogara da jak kaɗai.

Hidimar 'yan kallo ma a tsare take. Kujeru sun haura 100,000, kowa da lambarsa, ba turereniya. Kana iya hayar rediyo ka ji direba yana magana da shugaban kanikawansa. Abinci ne da tsada, yawancinsa kuma da naman alade, amma ana barin mutum ya shiga da ƙaramar kularsa.

Baƙar fata kaɗan ne a wurin, kuma akwai dalili. Wendell Scott, bakanike daga jihar Bajiniya, da hannunsa yake gyara motarsa, 'ya'yansa ne yaran aikinsa. Ya ci tsere a Jacksonville a Disambar 1963, aka miƙa wa wani kofin. Sai a 2021 aka ba iyalinsa nasa, shi ya daɗe da rasuwa. Bubba Wallace, wanda ya zo na biyu a Daytona a 2018, shi na je marawa baya.

Na saya maka bindigar kwance noti mai batir, zan ba mai tahowa gida in Allah ya yarda. Cajarta ta wutar nan ce mai ƙarfin 120, kada a jona ta kai tsaye, a nemi ɗan taransifoma tukuna.

Ƙaninka.