Yini Guda a Fontainebleau: Yadda Na Sami Jirgin Layin R

Duk wanda ya sauka a Paris kuma yake da yini guda a hannu, ina ba shi shawarar ya hau jirgin ƙasa na layin R daga tashar Gare de Lyon zuwa Fontainebleau-Avon. Tafiyar kusan minti 40 ce, na sami wurin zama ba tare da turmutsutsu ba, kuma da na sauka, bas mai lamba 1 ta kai ni dab da tsohuwar fadar sarakunan Faransa da ke garin Fontainebleau.

Saurin jirgin ne ya ba ni damar tsayawa a natse a gaban matakalar nan mai siffar kofaton doki, inda Napoleon, tsohon sarkin Faransa, ya yi bankwana da dakarunsa a watan Afrilun 1814, kafin in shiga dogon zauren Sarki François na Ɗaya, wanda adonsa kaɗai ya isa dalilin zuwa. Hukumar UNESCO ta sanya fadar cikin kayan tarihin duniya a 1981.

Da la'asar na shiga dajin da ke kewaye da garin, mai manyan duwatsu da hanyoyin ƙafa, don haka takalmi mai ƙwari wajibi ne. A kiyaye ranar Talata, domin a rufe fadar take.