Mai gyaran janareta a Kwangila ya tayar min da injin yankan ciyawa

Jama'a na sayi tsohon injin yankan ciyawa a Sabon Garin Zariya, mai injin kamfanin Briggs & Stratton, a shago ya tashi lafiya lau amma ina kai shi gida Samaru ya ƙi ƙememe. Na ja igiya har ta tsinke, na sayo fulogi ashe ba nashi ba ne. Wani mai gyaran janareta a Kwangila ya cece ni wallahi, ya kwance kafireto ya nuna min yadda tsohon fetur ya daskare ya toshe hanyar mai, ya wanke tsaf, ya canja baƙin mai, har wuƙar ya wasa. Abin da ya ɓata min rai kawai saɓa alkawari, ya ce gobe, sai bayan kwana 4 na karɓa.