Hidimar kwantenar sanyi daga teku zuwa Ijora: ƙarfi a ruwa, rauni a tudu

Kamfanin da wannan sharhi ya shafa yana da ofis a Apapa, kuma aikinsa shi ne ɗauko wa 'yan kasuwa kayan abinci masu buƙatar sanyi ta jirgin ruwa, tun daga tashar da aka yi lodi a ƙasar waje har zuwa ƙofar ɗakin sanyi a Legas. Ni sana'ata kifin ƙanƙara ce, wato titus da shawa da kote da panla, waɗanda akan shigo da su daga ƙasashe irin su Holan da Norway da Moritaniya, a sauke a Ijora, unguwar ɗakunan sanyi a Legas, sannan wani kaso ya hau tirela zuwa Kaduna da Kano. Na jima ina hulɗa da su tare da wasu abokan ciniki da muke haɗa kuɗi mu cika kwantena mai ƙafa 40, don haka abin da zan faɗa na gani ne da idona.

A ɓangaren lodi da tafiyar ruwa ba ni da abin cewa sai yabo. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kwantenar sanyi tana daskarar da kaya, alhali aikinta kawai shi ne riƙe sanyin da kayan suka shigo da shi, saboda haka kifin da bai kai digiri 18 ƙasa da sifili ba kafin a loda shi ba zai gyaru a hanya ba. Wakilan kamfanin a can sun san wannan sarai. Suna auna sanyin cikin kwali kafin a fara lodi, ba sa yarda a jera kaya har su wuce jan layin da ke jikin bangon kwantena, domin iskar sanyi daga ƙasa take fitowa ta ratsa kaya ta koma ta sama, kuma idan aka toshe mata hanya kwalayen da ke bakin ƙofa ne za su fara laushi. Haka kuma suna saka wata ƙaramar na'ura a tsakiyar kaya wadda ke rubuta yanayin sanyi tun daga ranar lodi har ranar buɗewa. A duk takardun na'urar da na duba, layin makonnin da jirgi ya yi a teku a miƙe yake, in ban da ɗan tashi kaɗan a lokutan da injin ke narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikinsa, wanda kuma haka aka tsara shi.

Wani abokin cinikinmu da ke kawo tuffa daga Afirka ta Kudu ya ba da irin wannan shaida, kuma nasa aikin ya fi namu wuya. Ɗanyen kayan marmari yana numfashi, don haka dole a bar masa kafar iska a buɗe gwargwadon buƙata, saɓanin kifi da ake rufe wa ruf. Kowane kaya kuma da ma'auninsa: tuffa tana son sanyi kusa da sifili, ayaba kuwa digiri 13 zuwa 14, doya ma idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 lalacewa take yi. Waɗanda suka tuna doyar da ministan noma na wancan lokacin, Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitarwa zuwa Birtaniya da Amurka a watan Yunin 2017, da rahotannin ruɓewarta da suka biyo baya, sun san cewa ɗanyen kaya ba ya yafe sakaci a hanyar ruwa.

Wajen takardu ma sun iya allonsu. Suna bin Form M (takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki) da PAAR (rahoton da kwastan ke bayarwa na tantance kaya kafin isowarsu) da izinin NAFDAC da na sashen kula da kifi na tarayya tun jirgi bai iso ba, kuma ba sa shigar da mutum cikin abin da doka ta hana. Na ji da kunnena lokacin da wani ya nemi a cusa masa kwalayen kaji a bayan kifi, manajan ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, fiye da shekaru 20 ke nan da aka haramta shigo da kajin ƙanƙara, idan kwastan suka gani har kifin abokanka zai tafi."

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka cire kwantena daga wutar tashar jiragen ruwa aka ɗora ta a bayan mota. Daga nan sanyinta ya dogara ga janaretan da aka maƙala mata, kuma kamfanin ba shi da motocin kansa, hayar su yake yi. Tsarin Eto na kiran manyan motoci zuwa tasha bi da bi ta intanet da aka fara a Fabrairun 2021 ya rage cunkoson Apapa ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun da tireloli ke kwana a kan gada, amma har yanzu tafiyar da ba ta wuce 'yan kilomita ba tana iya cin yini guda, kuma direban da aka ba kuɗin dizal a hannu yana da dalilin kashe janareta idan ya tsaya.

Haka ta faru da wata kwantenarmu ta titus. Da aka buɗe ƙofa, kwalayen sahun farko sun jiƙe sun lotsa, ledar ciki ta tara jan ruwa da ya sake daskarewa a ƙasanta, kifin kuma ya manne da juna ya zama dunƙule guda, idan ka danna cikinsa da yatsa sai ya shige. Na can ciki lafiyarsu lau, suna ƙara kamar itace idan an buga su. Matan da ke sari a Ijora ba sa buƙatar na'ura kafin su gane kifin da ya narke ya sake kamawa. Kallo ɗaya suka yi suka rage farashi. Takardar na'urar ta nuna sanyin ya fara raguwa jim kaɗan bayan fitowa daga tasha, bai dawo ba sai da yamma, wato tsawon zaman motar a hanya janareta bai yi aiki ba.

Yadda kamfanin ya karɓi koken shi ne abin da ya fi ba ni takaici. Ba su musanta ba, domin shaida ta fito daga na'urarsu, amma sai suka nuna mana cewa inshorar da aka yanka ta tsaya ne a tashar sauke kaya, ba ta haɗa da tafiyar mota ba, abin da babu wanda ya ja hankalinmu a kai ranar sa hannu. A ƙarshe sun yafe wani ɓangare na ladan aikinsu, wanda bai kai rabin asarar ba.

Kuɗin dakon teku da suke faɗa tun farko ba ya canzawa, sai dai kuɗin jona kwantena da wuta a tasha da kuɗin jinkirin mayar da ita ana lissafa su ne kullum, kuma kwanakin rangwame na kwantenar sanyi ba su kai na kwantenar busassun kaya ba. Sau da yawa sai kaya sun fito ake ganin jimillar. Sun fara tayin sauke kaya ta tashar Lekki da aka buɗe a Janairun 2023, amma ga mai ɗakin sanyi a Ijora hakan ƙarin nisa ne a kan mota, wato ƙarin lokaci a hannun janareta.

Zan ci gaba da ba su kayana, amma bisa sharuɗɗan da muka sa aka rubuta a sabuwar yarjejeniya: inshora ta kai har ƙofar ɗakin sanyi, a sayi dizal a zuba a gaban yaronmu wanda zai zauna a motar har ta iso, a buɗe na'urar sanyi a gaban ɓangarorin biyu kafin a sauke kwali ko ɗaya. Wanda yake da motar sanyi tasa, ko amintaccen direba, ya fi dacewa ya tsayar da hidimarsu a bakin tasha ya karɓi kayansa daga nan.