Baba ya je asibiti ko awo ya zo ƙofar masallaci?

A ƙauyukan Argungu da Jega hanya biyu nake gani ta duba lafiyar tsofaffi marasa hali. Ta farko Baba ya hau kabu-kabu ya tafi asibiti, can akwai likita akwai gwajin jini, amma wallahi tsohon da gwiwa ke damu, kuɗin mashin ma sai an yi karo-karo, ba zai je ba sai ya faɗi, shi kuwa hawan jini ko sallama ba ya yi.

Ta biyu ma'aikatan lafiya su haɗa kai da mai unguwa da liman da matasa, bayan sallar Juma'a a shimfiɗa tabarma a auna jini da suga, na'urar awon jinin ma batir kawai take ci. Wanda awon jininsa ya kai 140/90 a sake aunawa wata rana, in bai sauka ba a tura shi asibiti. Su Inna kuwa sai ungozoma ta raka ma'aikaciya gida-gida, ai ba za su zauna cikin maza ba.

Ni ta biyun na fi so, sai dai fa magani har yanzu sai an saya.