Ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci: gwaji da kalmar "hideous"

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma ƙamusun da na fi dogara da shi a aji shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ake samu a littafi, da manhajar waya, da kuma shafin intanet da ake shiga kyauta. Tushensa aikin wani malami ne ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, inda ya lura cewa ƙamusun da aka rubuta domin Bature ba ya biyan buƙatar mai koyo. An fara buga aikin a Japan a 1942, madaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Abin da ya sa na zauna yin wannan sharhi shi ne wata kalma guda da ta taso mana a aji, wadda ta nuna mini ƙarfin ƙamusun da kuma inda yake buƙatar malami a gefensa.

Muna darasin karatu da fahimta da 'yan aji shida masu shirin jarrabawar WAEC, sai wata ɗaliba ta zo kan kalmar "hideous", ta karanta ta "haidiyos". Da na tambaye ta ma'ana, ta ce abin da aka ɓoye, domin ta ga "hide" a farkon kalmar. Tunani ne mai kyau, sai dai bai faɗa daidai ba. Na ciro wayata, na buɗe shafin ƙamusun, na danna alamar sauti, wadda take guda biyu, ɗaya ta lafazin Ingila, ɗaya ta Amurka. Ajin ya yi tsit, muka ji "hidiyas", gaɓar farko gajeriya kamar "hi" ta cikin "hikima", kuma a kanta nauyin murya yake. Sau uku na maimaita musu, suna faɗa a bayansa, kuskuren ya gyaru nan take.

Ma'anar da ƙamusun ya bayar gajeriya ce: abu mai tsananin muni ko rashin daɗi. An rubuta ta da saukakan kalmomi, domin ƙa'idarsa ita ce yin bayani da jerin kalmomi kusan 3,000 da aka fi amfani da su. Amma amfanin gaske yana cikin misalan da suka biyo baya, inda aka jingina kalmar ga fuska, da gini, da riga, sannan ga laifi da mugun mafarki. Daga nan ɗalibi zai gane cewa munin da ake nufi bai tsaya ga abin da ido ke gani ba, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa mummunar fuska, ya kuma ce mummunan aiki ko mummunan hatsari.

A nan ne fassara ke yin wuya, domin "ugly" ma mummuna ce a Hausa. Abin da ya warware mini shi ne sashen asalin kalma da ke ƙasan shafin, wanda sai an danna yake buɗewa, kuma yawancin ɗalibai ba sa kula da shi. Ya nuna cewa kalmar ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, daga wata kalma mai nufin tsoro, ba ta da wata dangantaka da ɓoyewa. Da na duba "ugly" sai na tarar ita ma daga tsoro ta samo asali, a tsohon harshen mutanen arewacin Turai, amma yawan amfani ya rage mata kaifi, "hideous" kuwa ta riƙe nata. Saboda haka na ce wa ɗalibaina su ɗauke ta a matsayin munin da ke sa mutum ya kau da kai, tsigar jikinsa ta tashi. Na kuma ja musu kunne kada su siffanta mutum da ita, domin cin mutunci ne mai zafi, ga shi kuma halitta ta Allah ce. Turawa kan yi amfani da ita cikin hira a kan launin labule ko ɗinkin da bai yi musu ba, kuma idan suka ce abu "hideously expensive" ne, ɗan karen tsada suke nufi.

Ƙamusun ya taimaka wajen raba ta da "heinous", wadda jaridun Nijeriya ke yawan haɗawa da laifi. Ita wannan ga mugun aiki kawai take tafiya, ba a siffanta gini ko tufafi da ita, kuma ana furta ta "heinas".

Iyakarsa a fili take. Babu Hausa a cikinsa, don haka ɗalibin da Turancinsa bai yi ƙwari ba zai karanta bayanin ya tashi da "mummuna" kawai, bai ji nauyin kalmar ba. Shafin yana buƙatar data, littafin kuma ba ya magana. Duk da haka ina ba malamai da ɗaliban manyan azuzuwa shawarar su riƙe shi, su saba da karanta misalai har ƙarshe da buɗe sashen asalin kalma. Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, gara a haɗa musu shi da ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, su fara samun kalmar Hausa a can, sannan su dawo nan su ji lafazi su ga yadda ake saka ta cikin jimla.